Ku Tambayi Kawu: Waƙar wani a bakin wani

Jama'a salamu alaikum, ya zafi? Satin nan kaman kun haɗa baki, saƙonnin da sunka shigo rabinsu duk kan waƙa ne, to bari mu ɗauki waɗanda fili zai ɗauka, sauran ku yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu.

Kawu barka da aiki. Muna gardama da abokaina a majalisa, ni na ce yaran nan da ke ɗaukar waƙar tsofaffin mawaƙa su sake ta da fiyano sata ce kawai suke, su kuma sun ce raya ta ake. Wa ya fi gaskiya? Kuma kai Kawu cikin irin waɗanga waƙoƙin da anka sake wacce ta fi kwanta maka? Daga wani ɗanka a Runjin Sambo.

Ɗana, majalisarku ba ta rasa abin yi ba gaskiya. To ni dai ban tare da kai ɗari bisa ɗari, don in ka ce duk wanda ya rera waƙar wani ɓarawo ne to ka kama mutane da yawa a garin nan, har da waɗanda ba ka isa ka kama ba. Ɗauki Tabban Haƙiƙa. Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, ɗiyarshi Nana Asma'u ta maida ta Hausa, ɗanshi Isa ya zo ya yi mata tahamisi, wato kowane baiti mai layi biyu ya ƙara mashi ukku ya zama biyar. Hannu ukku kenan kan waƙa guda, kuma duk wanda ya san ta ya san wa ya yi me, ba wanda ya ɓoye sunan wani. Haka Ishiriniya da ake karantawa lokacin Mauludi, asalinta ta Alfazazi ce, wani malamin ya yi mata tahamisi, yau kuma kowace unguwa da muryar da take ɗaukar ta, ka ji ta a Ƙofar Atiku ka je ka ji ta a Mabera sai ka ce ba ita ba ce. Makaɗan fada ma haka suke, yaro ya tashi cikin 'yan amshi shekara da shekaru yana bayan ubanshi, ran da uban ya kwanta dama shi za a miƙa ma ragamar, ya ci gaba da waƙoƙin gidan. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu 1991, ɗiyanshi sunka ci gaba da kiɗin, ba wanda ya kai su ƙara wurin alƙali.

Inda nake tare da kai shi ne wanda zai ɗauki amshin Narambaɗa sukutum ya liƙa a waƙarshi ta soyayya, ya ɗora a TikTok ya rubuta sunanshi shi kaɗai, yara su yi ta rawa suna cewa kai wanga yaro akwai Hausa a bakinshi. Wannan kam ka kira shi duk sunan da ka ga dama, ba ruwana.

Batun wadda ta fi kwanta min kuwa, ni mutum ne mai son amshi. Waƙar fada an gina ta ne kan jagora da 'yan amshi, jagora ya jefa magana su cafe, wani lokacin ma bai ƙarasa ba sun ƙarasa mashi, ga kotso yana magana a ƙasa. To duk wanda zai sake irin wagga waƙa ya zo min shi kaɗai da murya guda wadda kwamfuta ta goge ta yi sumul ba gargada, ni kam sai in ji kaman tuwo ba miya. Shi ya sa har gobe waɗanda nake komawa gare su su ne na magada, ɗiyan makaɗa in sun taru gidan biki ko wurin naɗin sarauta sunka ɗauko waƙar tsohonsu, wani ya ɗauka da waya hannu na rawa, kana jin guɗa kana jin maroƙi na katse su, sautin ba kyau amma waƙar na da rai. Cikin na zamani kuma na fi son yaro ya zauna da jita ko gurmi kawai ya sassauta waƙar har ka ji kalmomin da da can gudun kiɗi ke ɓoye maka. A waje kuma ba ni da ta biyun I Will Always Love You wadda Whitney Houston ta yi a 1992, wadda mutane da yawa har yau ba su san Dolly Parton ce ta rubuta ta tun wajen 1973 ba, Dolly ta yi ta a hankali kaman mai sallama a ƙofar gida, Whitney ta zo ta ɗaga ta sama, kuma mai waƙar ba ta yi asara ba don haƙƙin rubutun nata ne, kuɗinta na shiga.

Af, kuma ka gaya ma 'yan majalisarku wannan, don na san wani zai ce ai mu Hausawa mun saba kwasar na Indiya. Eh an yi, 'yan fim sun yi, masu bege da bandiri a Kano ma sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun sa yabon Annabi a kai. Amma su ma Indiyawan sun kwasa daga nan, waƙar Mory Kanté na ƙasar Gini mai suna Tama ita ce anka juya ta fito a finafinan Indiya har biyu, ɗaya 1990 ɗaya 1991, mu kuma muna nan muna kallo a bidiyo muna cewa kai Indiya sun iya kiɗi.

Kawu don Allah taimaka min. Akwai wata waƙa da kakata ke yi in tana kaɗi, Allah ya jiƙanta, rannan ina cikin agwagwa da buje, wato keke napep, za ni kasuwa sai na ji ta a sifikar direban amma da kiɗin zamani, kafin in tambaya mun kai na sauka. Layi guda kawai na riƙe. Ya zan yi in samo ta asalin? Ɗiyarka daga Arkilla.

Allah ya jiƙan kaka ya sa ta huta. Ɗiyata kin zo a zamani mai sauƙi, don da can in waƙa ta wuce ki a Rima Radiyo to sai ki yi ta dako har ran da mai shirin ya ga damar sake sa ta, ko ki tafi wurin mai kaset ki tsaya kina rera mashi gaban mutane yana ta zaro kaset yana sawa yana cirewa yana juya shi da biro. Daga baya anka koma wurin masu turi a memori, su kuma abin da ke cikin kwamfutarsu shi ne iyakar duniya.

Fara da wanga layin da kika riƙe, rubuta shi a YouTube yadda kika ji shi. In bai fito ba canza rubutun, cire ƙugiya, raba kalmomin, haɗe su, don masu ɗorawa kowa da yadda yake rubutu, wani Dankwairo wani Dan Kwairo wani ma Dan Qwairo. Google na da wurin da za ki danna makirfo ki yi mata gunguni da baki ta nemo, tun 2020 sunka kawo shi, ga Shazam kuma, sai dai kar ki sa rai sosai, waɗanga sun fi gane waƙar da kamfani ya yi ma rajista, in kin yi sa'a su kawo maki sabuwar ta cikin keken. To in sun kawo ta kin yi rabin aiki. Gangara ƙasa wurin sharhi, wallahi nan ne makarantar take, ba a rasa wani dattijo daga Gusau ko Ƙonni ko wani ɗan Sakkwato da ke zaune Saudiyya da zai rubuta ai wagga waƙar wane ce, ya yi ma sarkin wuri kaza. Daga nan sai ki bi sunan.

Ni wannan shi ne babban amfanin intanet a wurina, kwaikwayon ya zama ɗan jagora ya kai ka gidan mai abu. Mutum nawa sunka san Zangalewa ta Golden Sounds na Kamaru, ta 1986, in ba don Shakira ta ɗauki amshinta a gasar cin kofin duniya ta 2010 ba? Mutane sunka shiga tono har anka kai ga tsofaffin. Mdou Moctar ma, ɗan jihar Tawa nan maƙwabtanmu, waƙarshi daga waya zuwa waya ta yi ta yawo ta bulutut har wani Ba'amurke ya tsince ta ya sa a faifai a 2011, yau ga shi yana zagaya duniya da jita.

Amma ki yi hattara, intanet ba ta da kunyar ƙarya. Za ki ga an sa hoton Shata a kan muryar da ko kusa ba tashi ba ce, alhali kunne kaɗai ya isa ya raba, Shata kalangu ne, Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso, Ɗan Maraya kuntigi. Bakandamiya ma guda biyu ce sananna, ta Narambaɗa daban ta Shata daban, amma sai a cakuɗa su. Kuma mai yiwuwa waƙar kakarki ba ta wani makaɗi ba ce sam, irin ta daka ce ko ta gaɗa da mata ke gadon ta baki da baki, mai fiyanon ma wurin tashi kakar ya ji. In haka ne to ki ɗauki waya ki tafi wurin ƙannenta ko ƙawayenta da sunka rage, ki kai masu goro ki ja su da hira ki danna rikodin.

Kawu ni mawaƙi ne mai tasowa, ina son in sake wata waƙar Shata in ɗora a YouTube da Audiomack, akwai matsala? Daga Gawon Nama.

Akwai, in ka yi gaban kanka. Dokar haƙƙin mallaka da anka sa ma hannu a 2023 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa 1999 ya rasu, sai ka yi lissafi. Ka nemi iyalinshi ku yi magana, abin da kunka shirya a rubuta a takarda, ka sa sunanshi ɓaro-ɓaro a kan waƙar ba can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba. YouTube na da na'urar da ke gane sauti, in wani ya riga ya yi rajistar abin sai ka wayi gari kuɗin tallar na tafiya wani wuri ko a sauke maka ita gaba ɗaya. Kuma don Allah ka zauna da wanda ya san waƙar ya gyara maka kalmomin kafin ka shiga situdiyo, sunayen mutane da garuruwa ne a ciki, jikokinsu na nan da rai suna saurare.

Malam, ni shekaruna sun haura sittin, ina da kaset cike da kwali biyu na makaɗan ƙasar nan tun na zamanin da nake aiki Gusau. Yarana sun ce in zubar wai komai na cikin waya. Haka ne? Wani dattijo daga Tudun Wada.

Ranka ya daɗe Baba, kar ka yarda, ba komai ke cikin waya ba. Abin da ke intanet ai wani ne irinka ya zaro daga kwalinshi ya ɗora, kuma makaɗi kan yi waƙa guda sau da yawa, ta gaban sarki daban ta gidan rediyo daban, wataƙila wadda ke hannunka ba kowa ke da ita ba. Ka raba kwalin da rana da saman silin, zafin garin nan na narka zaren kaset. Ka sa ɗaya cikin yaran ya samo rediyo mai kaset da ke aiki da 'yar wayar da ake haɗa shi da kwamfuta, a riƙa juye su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana zaune kana faɗa masu wane ne, wa ya yi ma, wace shekara ka saye shi, suna rubutawa. In an gama a ba jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kwafi, sashen harsunan Nijeriya, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ni ma Baba in da hali a turo min nawa, musamman in akwai Jankiɗi ko Ɗan Anace a ciki.