Me ya sa Zelda ya fi wasu wasannin PS5 kyau a ido?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi wasan Zelda mai suna Breath of the Wild a kan na'urar Nintendo Switch ya fi maka daɗin kallo a kan wasu wasannin na'urar PlayStation 5 (PS5), alhali PS5 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idonka bai yaudare ka ba. Ƙarfin na'ura daban, salon zane daban.

Ƙarfi shi ne yawan ɗigon hoto da adadin firam, wato hotunan da allo ke nunawa, a sakan ɗaya. Wannan Zelda na 2017 bai wuce 900p (layin ɗigo 900 daga sama zuwa ƙasa) da firam 30 a talabijin ba. Amma masu zanensa sun san iyakar na'urarsu, sai suka zaɓi launi marar tarkace, inuwa mai kaifin baki, da ɗan hazo daga nesa da ke rufe abin da na'urar ba za ta iya zanawa ba. Wasan da ya ce sai ya kwaikwayi zahiri kuwa ya ɗauko wa kansa aiki, domin ido ya san fuskar mutum sarai. Leɓe ya ɗan motsa ba daidai ba, ko gashi ya tsaya ƙiƙam, nan take za ka gane. Shi ya sa irinsu ke saurin tsufa. Wind Waker, wani Zelda na 2002, wanda aka yi ta kushewa wai zanen yara ne, har yau yana da kyan gani. Haka Okami na 2006 mai salon zanen tawada na Japan.

In za ka kwatanta, kada ka dogara da YouTube, don matse bidiyo yana cinye ciyawa, hayaƙi da wurare masu duhu. Talabijin ɗaya, saiti ɗaya. Ka sa shi a Game Mode, wato saitin wasa na talabijin, ka kashe abin da ke ƙara firam na jabu, yana kawo jinkiri tsakanin hannu da allo. Sannan kada ka tsaya cak kana kallo, ka juya kyamara a hankali. A nan ne za ka ga ganye na ƙyalƙyali ko gefen mutum na jan inuwa, wanda sau da yawa alama ce ta an ɗaga hoton daga ƙaramin girma zuwa 4K (layin ɗigo 2160).

A PS5 ni saitin Performance nake ba da shawara, wanda ke rage ɗigo don a samu firam 60 maimakon 30. Firam 30 na nufin kowane hoto yana zama milisakan 33 a allo, firam 60 kuwa kusan 17, kuma wannan bambancin ya fi fitowa fili a kan ƙarin ɗigo in kana zaune nesa da talabijin. In naka mai 120Hz ne, wato mai sabunta hoto sau 120 a sakan, gwada firam 40 a wasan Ratchet & Clank: Rift Apart. Milisakan 25 ne, daidai tsakiyar biyun.