Karin magana ne ko ƙarin magana?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa. Ɗalibaina suna rubuta "ƙarin magana" da ƙ mai ƙugiya, wai magana ce aka ƙara. Mece ce ainihin ma'anar kalmar, kuma me ya raba ta da habaici?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. A gyara wa yaran nan tun da wuri, domin ƙugiyar da suke sakawa tana juya ma'anar gaba ɗaya. Kalmar ita ce "kari", daga "karya", wato naɗewa ko lanƙwasawa, kamar yadda ake cewa karin hula ko karin guga a jikin babbar riga. Saboda haka karin magana zance ne mai faɗi da aka naɗe shi cikin hikima har ya koma 'yan kalmomi, sai mai sauraro ya warware shi da hankalinsa. Ba a ƙara komai ba, ragewa ma aka yi.

A dubi "gani ya kori ji". Kalmomi huɗu ne kacal, amma sun isa su kashe gardamar da dattawa za su wuni suna yi a gindin bishiya kan amfanin gonar da ɗayansu bai taka ba. Haka kuma wanda ya taɓa ɗauko kara daga gona a lokacin hunturu ba ya bukatar a fassara masa "iska na wahalar da mai kayan kara", alhali ana nufin mutumin da yake wahalar banza. A ganina wannan ne ƙarfinta: hoton na ƙauye ne, ma'anar kuwa ta kowa ce. Wasu sukan zo da ɓangare biyu, furuci da labarin da ya haife shi, kamar "abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki".

An daɗe ana tattara su a rubuce. Wani Bature mai suna Merrick ya buga littafinsa na karin magana a 1905, wani Baturen kuma, Kirk-Greene, ya fitar da guda 500 a 1966.

Habaici kuwa manufa ce ke bayyana shi, domin ana yin sa ne don a soki wani ba tare da an kama sunansa ba. Karin magana ba ta da abokin faɗa sai an ɗora mata. Idan ka koya wa ɗalibanka "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as" a cikin aji, karin magana ce. Idan mace ta faɗe ta a tsakar gida don kishiyarta ta ji, ta zama habaici.