Filin Tseren Keke: Kun Tambaya, Mun Amsa

Assalamu alaikum. Duk watan Yuli ina kallon Tour de France a talabijin. Na ga jama'a maƙil a bakin titi, ba ƙofa, ba tikiti. To daga ina ake samo kuɗin biyan 'yan tseren? Daga wani makaranci a Zariya.

Wa alaikumus salam. Malam, titi na kowa ne, ba mai iya sa masa ƙofa, don haka ɗan kallo ba ya biyan ko sisi. Talla ce ke riƙe da wannan wasa tun ran gini tun ran zane. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 don ta samu ƙarin masu saye. Ita ma La Gazzetta dello Sport ta kafa Giro d'Italia a 1909, kuma launin takardar da ake buga ta, ruwan hoda, shi ne launin rigar jagoran gasar har gobe.

Aljihu biyu ne a harkar, kar ka haɗa su. Na farko na masu shirya gasa ne. Kamfanin ASO, mai Tour de France, yana karɓar kuɗi daga gidajen talabijin, yana karɓa daga garuruwan da ke son a tashi ko a ƙare zango a cikinsu, sannan yana sayar da gurbin talla a rigunan gasar: bankin LCL a rigar ɗorawa ta jagoran gasa, kamfanin motoci na Škoda a koriya ta mai yawan maki, kantin E.Leclerc a mai ɗigo-ɗigon ja ta gwanin hawan dutse. Motocin tallan nan da ke wucewa gaban 'yan tsere suna watsa wa jama'a huluna, waɗanda aka fara a 1930, su ma biya suke yi.

Aljihu na biyu na ƙungiyoyi ne, kuma shi ne rarrauna. Ƙungiya ba ta da filin wasa, kuɗin talabijin kuma yana tsayawa ne a hannun mai gasa. Abin da take da shi na sayarwa shi ne sunanta da ƙirjin rigarta. Shi ya sa kake jin sunaye irin su Alpecin-Deceuninck (sunanta har zuwa 2025), wato mai sabulun wanke gashi da mai tagogi, ko Soudal Quick-Step, mai gam na gini da mai kayan daɓen ɗaki. Wasu kuma ƙasashe ne ke tallata kansu, kamar UAE Team Emirates ta zakaran tsere Tadej Pogačar.

Illar wannan tsari ita ce ranar da kamfani ya janye, ƙungiya ta zama marainiya, komai yawan kofunanta. HTC-Highroad na cikin waɗanda suka fi kowa cin tsere a zamaninta, amma ta rufe a ƙarshen 2011 don ba ta samu mai ɗaukar nauyi ba. Dubi kuma ƙungiyar nan ta Holan: Rabobank take daga 1996, bankin ya zare hannunsa a 2012 bayan tonon asirin shan ƙwayoyi na ɗan tseren Amurka Lance Armstrong, ta koma Blanco, ta koma Belkin, ta koma LottoNL-Jumbo, ta koma Jumbo-Visma. A 2023 ta lashe Giro da Tour da Vuelta ta Sifen, manyan gasanni uku, a shekara guda, abin da ba a taɓa yi ba, amma duk da haka Jumbo ya tafi, ta zama Visma-Lease a Bike.

Kyautar gasa ba ita ke ciyar da ɗan tsere ba. Wanda ya ci Tour de France yana samun Yuro 500,000, wanda ya ci zango guda Yuro 11,000, kuma al'ada ita ce a zuba kuɗin a asusu ɗaya a raba da abokan tsere da makanikai da masu tausa. Albashi ne abin dogaro, shi kuwa daga kamfani yake fitowa.

Me ya sa mutum huɗu ko biyar za su ɓalle daga ayari tun farkon zango, su wahala wuni guda, alhali kusan kullum ana kamo su dab da ƙarshe? Daga Maraɗi.

Iska ce babbar abokiyar gabar mai keke. A shimfiɗaɗɗen titi, da gudun kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin ƙafarka wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya lafe a bayan wani yana rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ke tsakiyar babban ayari kuwa ya fi haka hutawa nesa ba kusa ba. Mutum biyar da ke karɓa-karɓa a gaba ba za su kai ƙungiyoyin da ke da sabbin ƙafafu a baya ba. Masu ja da ayari suna lissafi ne: a kan ce ana iya cinye tazarar minti ɗaya a kowane kilomita 10, saboda haka sukan bar su su yi ta shawagi har sai lokaci ya yi.

Masu ɓallewar sun san da haka. Wani lokaci lissafin na baya yakan kuskure, ko a ranar duwatsu manyan su ƙyale su, sai su ci. Sannan ga dalilin aljihu: awa uku kyamara tana kan rigarka, sunan kamfani yana shiga gidajen miliyoyin mutane. Ga ƙaramar ƙungiya wadda ba ta da mai iya cin gasa, wannan shi ne abin da za ta nuna wa mai ɗaukar nauyi idan an zo sabunta yarjejeniya.

Mu ƙungiyar masu keke ce a Kaduna, muna so mu shirya tseren kilomita 60, amma duk kamfanin da muka rubuta wa sai shiru. Ina muke kuskure? Daga sakataren ƙungiya.

Yawancin irin waɗannan wasiƙu roƙo ne, kamfani kuwa ciniki yake nema. Ku rubuta abin da za ku ba shi: sunansa a sunan gasar, tambarinsa a ƙyallen tashi da na ƙarshe da lambobin bayan 'yan tsere, wakilinsa ya miƙa kofi, hotuna da bidiyo su isa gare shi cikin kwana biyu. Ku haɗa da kasafi dalla-dalla a shafi ɗaya.

Ku rage abin da kuke nema a tsabar kuɗi. Kamfanin ruwa ya fi saurin ba da ruwa, asibiti mai zaman kansa ya ba da motar ɗaukar marasa lafiya, mai shagon keke ya ba da taya da tiyub a matsayin kyauta. Kuma kar ku yi doguwar hanya daga gari zuwa gari. Ku nemi da'irar kilomita 5 ku zaga sau 12: 'yan kallo za su ga 'yan tsere sau 12, tutocin kamfani suna wuri ɗaya, mahaɗar da za a tsare kaɗan ce. Kafin ku ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ku riƙe takardar izini daga 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra da ƙungiyar tseren keke ta jiha, don babu manajan da zai sa sunan kamfaninsa a taron da mota za ta iya kutsawa cikinsa. Ku nema tun da wata shida, saboda kasafin talla ba a tsakiyar shekara ake yanka shi ba.

Ina tara kuɗi in sayi keken gwanjo na kabon irin na ƙwararru. Yanzu ina hawa na ƙarfe, kuma da na wuce kilomita 30 gaban gwiwata ke fara ciwo. Sabon keken zai magance? Daga Jos.

Ba zai magance ba, Malam. Ciwon gaban gwiwa kusan kullum alamar sirdi ya yi ƙasa ne, ko kana taka giya mai nauyi a hankali. Tsaya ba takalmi ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka har sama, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ninka abin da aka samu da 0.883. Idan santimita 82 ne, za ka samu kusan 72.4, wannan shi ne nisan da ya kamata daga tsakiyar ƙusar da hannun feda ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Gwajin tabbatarwa: ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan nisan gyaran da yawa, kar ka ɗaga gaba ɗaya. Milimita 5 a kowane 'yan kwanaki ya isa. Ciwo ya koma bayan gwiwa, to ka zarce, sauke kaɗan. Sannan sassauta giya, ƙafarka ta riƙa zagayawa sau 80 zuwa 90 a minti. Idan an yi mako uku ciwon bai lafa ba, ko gwiwar ta kumbura, sai likita.

Game da kabon, wato zare marar nauyi da ake ƙera jikin keken tsere da shi: ƙwararru ba su suke zaɓen kekunansu ba, abin da kamfanin da ya biya ya kawo shi suke hawa, kuma in ya karye ga wani a saman mota. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8. Kilo biyu da za ka rage da kuɗinka sai a dogon hawa za ka ji su, a shimfiɗaɗɗen titi da ƙyar. Shawararmu ita ce alminiyom mai kyau wanda ya dace da tsawonka, ragowar kuɗin ka sa a taya da hular kwano da wandon keke mai soso.

In ka nace sai kabon, wanke shi tas ka duba shi a rana. Bi mahaɗai, ƙarƙashin bututun ƙasa, da inda ake ɗaure sandar sirdi. Ƙwanƙwasa da kwabo: lafiyayyen wuri yana ƙara tsaf, wurin da ya dagargaje daga ciki yana yin dum. A zare cokalin gaba a duba bututunsa, don nan ne karaya ta fi haɗari. Sabon fenti a wuri ɗaya tak abin tuhuma ne. Kuma kabon ba ya son ɗauri da ƙarfin tuwo. Ƙusoshin kan keke yawanci 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) aka rubuta a jikinsu, kuma wuce hakan kan murƙushe bututun.

Tun da hunturu ya shigo sarƙata ke kuka, giya tana tsalle, kuma kusan kowane mako sai na yi faci. Daga Katsina.

Idan baƙin man inji kake zuba mata, shi ne ummul'aba'isin. Yana kama ƙura, su haɗu su zama kamar garin wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoran giya. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, bar ta ta bushe, ɗiga siririn man sarƙa ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda baya, sannan goge wajen da tsumma har ya kusa bushewa. Aikin mai a cikin gaɓa yake. A hunturu goge ta bayan kowane hawa.

Tsallen giya kuwa, auna sarƙar da rula: gaɓa 24 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza ta. Idan ta kai ɗaya cikin 8, haƙoran baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu, sai an canza duka biyun.

Faci kuma, tiyub ɗin zai gaya maka dalili. Huda biyu a jere na nufin iska ta yi kaɗan, ka faɗa rami gargare ya cije tiyub. Huda ɗaya ta waje ƙaya ce, sau da yawa tsidau, kuma in ba ka shafa cikin tayar da yatsa ka zare ta ba za ta sake huda sabon. Huda ta ciki kuwa ƙyallen da ke rufe kawunan sifoki ne ya goce. Ga mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin milimita 28, iska 65 zuwa 75 a ma'aunin psi ta wadatar, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Lura kuma: tayar keken tsere 700c ce, ba ɗaya take da 27 ko 28 ta tsofaffin kekuna ba, kuma siririn bawul ɗinta ba ya shiga famfon mai faci sai da ɗan mahaɗi, don haka ajiye guda a aljihun sirdi.

Mata na yin irin wannan tsere? Kuma me zan ci a hawan awa uku, don nakan ji jiri a awa ta ƙarshe? Daga wata makaranciya a Abuja.

Suna yi, Malama. Tour de France Femmes ta fara a 2022 da tallafin kamfanin Zwift, Annemiek van Vleuten ta ci ta farko. A 2025 Kim Le Court ta ƙasar Moris (Mauritius) ta sa rigar ɗorawa a cikinta, shekara guda bayan Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a ta maza. Ese Ukpeseraye kuma ta wakilci Najeriya a tseren keke a wasannin Olamfik na Paris a 2024.

Jirin nan sukarin jikinki ne ke ƙarewa. Ki karya da abinci mai sitaci awa biyu kafin fita, kamar koko ko burodi. Bayan minti 45 ki fara ci, kada ki jira yunwa: ayaba ɗaya ko dabino biyar zuwa shida duk rabin awa, wato giram 30 zuwa 60 na sitaci da sukari a awa. Ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, fiye da haka a bazara. A ɗaya daga cikin gorunanki ki zuba sukari babban cokali biyu da gishiri ɗan tsunkule. Idan kika hau sikeli kafin fita da bayan dawowa kika ga kin rage fiye da kilo ɗaya da rabi, ruwan da kike sha bai isa ba, ki ƙara gora ko ki fito da sassafe ki dawo kafin ƙarfe goma.