Injin kwale-kwale ya ƙi tashi: kada ka fara da kafireta

Ka ce an kawo Yamaha Enduro mai doki 40 daga bakin ruwan Yawuri, mai shi ya ce jiya lafiya ƙalau ya kashe shi, yau ya ja igiya har kafaɗarsa ta gaji bai tashi ba, kana tambaya ko ka kwance kafireta. Ajiye sukundireban nan tukuna, yaro. Kafireta ce ta ƙarshe a layi.

Fara da abin da ba ya buƙatar sufana. Maƙalar jar igiyar nan da direba ke ɗaurawa a hannu, ta zauna daidai a kan makashin inji? In ta goce, wuta ba za ta kai fulogi ba ko za ka kwana kana ja. Ɗan notin iska na saman murfin tanki a buɗe yake? Sai ka matsa ƙwallon robar da ke kan tiyo har ya yi tauri, ka tabbata kibiyar jikinsa tana kallon inji. In ya ƙi tauri, ko dai tiyo na shan iska, ko bawul ɗin cikin ƙwallon ya mutu, ko allurar kafireta ba ta rufewa.

Daga nan ka cire fulogi biyun, su za su nuna maka hanya. Mayar da kowanne cikin hularsa, ka jingina shi da ƙarfen inji nesa da raminsa, ka ja. Shuɗiyar wuta mai ƙara kake nema. Jar wuta mai rauni ba ta kunna mai a cikin matsi. Tazarar bakin fulogi samfurin B7HS milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, auna ta, ban da kintace. In ɗaya ne babu wuta, laifin koyil ɗinsa ne ko hularsa. In duka biyun ne, zare farar wayar makashi ka sake ja. Wuta ta dawo? Makashin ne ruwa ya ci. Ba ta dawo ba? Yanzu ne za ka zargi koyil ɗin ƙarƙashin fulawil (faifan saman inji da igiya ke juyawa) ko akwatin CDI mai sarrafa wutar fulogi. Masu gaggawa CDI suke fara saya, su jawo wa mai jirgi asara a banza.

Idan wuta lafiya, dubi bakin fulogin. A jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa: mayar da cok, cire maƙalar makashi, buɗe totur, ka ja kamar sau goma babu fulogi, ka shanya su ka mayar. Baƙi mai danƙo kuwa haɗin mai ne ya ɓaci. Ƙa'ida 50 da 1 ce, wato rabin litar man inji mai bugu biyu a fetur lita 25. Sabon inji ne ke shan 25 da 1 a awa 10 na farko. Baƙin man mota ba nasa ba ne.

In fulogin a bushe yake, ɗiga ɗan haɗaɗɗen mai a raminsa ka ja. Ya tashi ya mutu, to mai ne ba ya isowa. Kwance kofin matata ka ɗaga shi ga haske. Ruwa na kwanciya a ƙasa, kuma man jarkar 'yan bumburutu ba ya rasa shi. Sassauta notin gindin kafireta, ka tari abin da ya zubo a farar kwalba. Babu komai, duba fatar famfon mai ko ta yage. Sai duk wannan ya wuce za ka buɗe kafireta, kuma ƙaramin jet na silo, wato ɗan ramin da ke ba inji mai idan yana aiki a hankali, shi ke fara toshewa. Hura masa iska, kada ka tsokane shi da waya, ramin zai buɗe injin ya koma zuƙar mai.

Ga wuta ga mai amma shiru? Sa ma'aunin matsi. In silinda ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin 100, ringi ne ko gaskit ɗin kai. Ka kuma tambayi mai shi ko farfela ta daki kututture a ruwa, don bugun kan karya makullin fulawil, wuta ta riƙa zuwa ba kan lokaci ba; alamarsa inji ya fizge igiya daga hannunka.

Duk gwajin nan a cikin duro za ka yi shi, ruwa ya rufe ramukan shan ruwa na ƙafar injin. A bushe, robar famfon ruwa ba ta kai minti ɗaya take ƙonewa.