Ƙailula ba lalaci ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko barcin rana ne ke hana ka barcin dare. Ya danganta da lokacinsa da tsawonsa. Nan Damagaram, a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, dare ma ɗaki kamar tanda, to ina laifin wanda ya rama da rana? Dubi 'yan kasuwar Dole bayan Azahar, kowa ya shimfiɗa tabarma cikin rumfa.

Amma ka tsaya a minti 20 zuwa 30. In ya zarce, barcin ya yi nauyi, sai ka tashi jiki a mace, kai na sarawa. Bayan La'asar kuwa kar ka kwanta, don Allah, shi ne ke cinye na dare. Shayin yamma ma ka rage shi.