Amsa ga Mai Koyon Aikin Kwantinuwiti

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka tsayar da darakta a lokacin da rana take shirin faɗuwa, kowa ya ƙagu a tashi, don kawai ka ga ɗaurin ɗankwalin jaruma ya saɓa da na jiya. Ya dace ƙwarai, kuma domin haka aka ɗauke ka aikin kwantinuwiti, wato lura da cewa komai a fim ya dace daga wannan fitowa zuwa waccan.

Ka sani ba a ɗaukar fim bisa jerin labarinsa. Idan furodusa ya sami aron gida na kwana biyu a Kano, duk wata fitowa da ta shafi falon gidan za a ɗauke ta a kwanakin nan, ta farkon labari da ta ƙarshensa. Matar da ta fita daga ɗaki ranar Litinin wataƙila sai Alhamis za a ɗauki isowarta ƙofar gida, a wata unguwa dabam, alhali mai kallo zai ga taku biyu ne tsakani. Manyan kamfanonin Amurka da Indiya suna da mai lura da sutura dabam, mai kwalliya dabam, kuma suna da kuɗin komawa su sake ɗauka. A Kannywood sau da yawa kai kaɗai ne, kuma da zarar an bar lokeshin, mai gida ya karɓi makullinsa, jarumi ya wuce wani aikin, to komawa ta yi wuya.

Tunda galibi da kyamara ɗaya muke aiki, ana maimaita fitowa ɗaya daga nesa, sannan daga kusa, kuma dole motsin ya zama iri ɗaya. Saboda haka ka rubuta hannun da Alhaji ya riƙe kofi da shi, da kalmar da yake faɗa lokacin da ya ajiye shi, da inda shayin ya tsaya, da ɓangaren da hularsa ta karkata. Lalle ya fi komai wahalar da mu, domin yana dusashewa cikin 'yan kwanaki, ga shi amare ba sa ƙarewa a labaranmu. Hoton waya yana taimakawa, amma ba zai gaya wa edita, mai tace fim ɗin, cewa ɗauka ta uku darakta ya zaɓa ba, ko cewa ƙarar janareta ta ɓata ta biyu. Edita bai je wurin ba, littafinka kawai yake da shi.

Sai dai magana tana da lokaci. Ka yi ta kafin a kunna kyamara, ka matsa kusa da darakta ka nuna masa hoton jiya cikin ladabi, ba tare da ka kunyata kowa a gaban jama'a ba. Idan ya ce a ci gaba a haka saboda haske, hukuncinsa ne. Ka rubuta saɓanin, sannan ka roƙe shi a ɗauki fuskar mai sauraro ko hannun da ke kan tire daga kusa, domin edita ya sami abin da zai rufe wurin da shi.