Gidan Sauro da Ƙarancin Jini: Me Zan Saka a Lissafi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar jami'ar KNUST ce daga unguwar Aboabo a Kumasi, Ghana. Ina binciken ko kwana cikin gidan sauro yana rage ƙarancin jini ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Na tara bayanai da yawa kan kowane yaro. In zuba su duka cikin lissafi?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ɗauki takarda tukuna ki yi zanen dalili, wanda ake kira DAG. Greenland, Pearl da Robins ne suka bayyana amfaninsa ga masu binciken cututtuka a 1999. Ki rubuta kowane abu, ki ja kibiya daga mai jawowa zuwa abin da ya jawo, kada kibiya ta zagayo ta koma inda ta taso.

Ƙarfin arzikin gidan su yaro yana da kibiya biyu: ɗaya zuwa gidan sauro, ɗaya zuwa abincin da ke ƙara jini. Wannan ɓarauniyar hanya ce, dole ki toshe ta da saka shi cikin lissafi. Maleriya kuwa gada ce, ta kanta gidan sauro ke kare jinin yaro. Kika saka ta, kin shafe amfanin da kike nema da hannunki.

Inda na fi jin miki tsoro shi ne wurin ɗaukar yaran. A ce waɗanda aka kwantar a asibitin Komfo Anokye kaɗai kika ɗauka. Maleriya tana kawo yaro gadon asibiti, sikila ma haka, kibiya biyu sun haɗu a wuri guda. Yaron da ke kwana cikin gidan sauro, in kin gan shi a kwance idanunsa fari fat, sau da yawa ba sauro ne ya kawo shi ba, wata cuta ce irin sikila mai cin jini. Sai alƙaluma su nuna kamar gidan sauron ne ke rage jini. Berkson ya bayyana wannan tarko tun 1946. Gwara ki bi gida-gida a Aboabo da Asawase.

Ki gama zanen kafin ki duba sakamako, sannan ki kai wa ma'aikaciyar jinyar da ke awon yara ta duba ko kin manta wata kibiya, domin kibiyar da kika manta ta fi wadda kika ja haɗari. Daga nan ki shigar da zanen a DAGitty, shafin tantance irin wannan zane, kyauta ne a intanet, zai fitar miki da mafi ƙarancin abubuwan da za ki saka.